Girgizar Ƙasa ta Lisbon da Gidajen Keji

Fotugal ƙasa ce a can kusurwar Turai ta yamma, a bakin Tekun Atlantika, Sifen kuwa ta kewaye ta gabas da arewa. Ba wata babbar ƙasa ba ce, amma mutanenta su ne Turawan da suka fara bin gaɓar Afirka ta Yamma da jiragen ruwa, su ne kuma suka gina sansanin Elmina cikin shekara ta 1482, a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu. Babban birninsu Lisbon, yana bakin wani kogi mai faɗi wai shi Tejo, daidai inda ya kusa zubawa cikin teku.

A tsakiyar ƙarni na 18 Lisbon tana cikin biranen da suka fi arziki a Turai duka. Zinariya da lu'ulu'u suna ta kwararo mata daga Birazil, wadda ta ke ƙarƙashin mulkinsu a zamanin nan, fatake kuma daga Ingila da Holan da Jamus sun cika ta. Mutanenta sun yi kamar 200,000. Amma duk da arzikin nan garin ba shi da tsari. Cibiyarsa wani kwari ne tsakanin tuddai biyu, suna ce da shi Baixa, a faɗa Baisha, watau gangare. A zamanin da, wurin nan fadama ce wadda ruwan kogi ya kan shiga, aka yi ta cike ta sannu a hankali har aka sami wurin gini. Saboda haka abin da ke ƙarƙashin gidajen laka ce da yashi, ba fa ba. Gidajen kuwa na duwatsu ne da farar ƙasa, hawa huɗu, hawa biyar, a cunkushe, lungunan da ke tsakaninsu wani ko keken doki ba ya iya bi. An taɓa yin girgizar ƙasa mai tsanani a garin cikin 1531, amma shekara ɗari biyu da 'yan kai sun isa mutane su manta.

Ran Asabar 1 ga Nuwamba 1755, watau cikin Muharram na shekara ta 1169 ta Hijira, sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ke jariri bai ko cika shekara ba, gari ya waye a Lisbon sarai, ba hadari ba iska. Ranar kuwa ranar idi ce ga Kirista 'yan Katolika, ta tunawa da waliyyansu duka, don haka majami'u suka cika maƙil, aka kunna kyandirori ko'ina. Wajen ƙarfe goma saura minti ashirin na safe sai aka ji wani rugugi kamar na kekunan doki masu yawa suna gudu. Ƙasa ta yi rawa, ta lafa, ta sake yi da ƙarfin da ya fi na fari, ta lafa, ta kuma yi ta uku. Abin duka bai kai minti goma ba. Rufin majami'u ya yi ta rikitowa bisa masu ibada, bangayen gidaje suka kifa cikin lunguna bisa waɗanda suka fito gudu, ƙura ta tashi ta rufe rana har gari ya yi duhu.

Waɗanda suka tsira suka nufi bakin kogi, gama can ne kaɗai a ke da fili, ba ginin da zai faɗo wa mutum. Ashe ba su sani ba sun gudu daga wata halaka ne sun faɗa wata. Sai suka ga ruwan kogi yana janyewa har ƙasansa ya bayyana. Kamar minti arba'in bayan girgizar, teku ta komo da wata irin igiya mai tsawo, ta haye gaɓa, ta share mutane da jirage da kayan fatake. Sau uku ta yi haka. Sa'an nan wuta, wadda ta tashi daga kyandirori da murahun gidaje, ta kama abin da ya rage, ta yi kwana biyar ko shida tana ci.

Masu tarihi sun saɓa wajen yawan matattu, waɗansu sun ce 12,000, waɗansu sun kai shi har 50,000. Gidaje kuwa an ƙiyasta cewa cikin 20,000 waɗanda suka rage masu zaunuwa ba su wuce 3,000 ba. Fadar Sarki ta ƙone, da ɗakin littattafansa mai littafi wajen 70,000, da takardun tafiye-tafiyen jiragensu zuwa Indiya tun daga zamanin Vasco da Gama. Babban asibitin garin ya ƙone da majinyata a ciki. Masifar ba ta tsaya a Lisbon ba. Garuruwan kudancin Fotugal sun rushe, har da wani wai shi Lagos, wanda waɗansu ke cewa daga gare shi ne Ikko ta sami sunanta na Turawa. Igiyar teku ta bugi Kadis ta Sifen da garuruwan gaɓar Maroko, ta ƙetare har tsibiran Amurka, ruwan tafkuna kuma ya yi ta tashi yana sauka a Sikotilan.

Masana na zamanin nan sun gano asalin abin. Bayan ƙasa ba dunƙule ɗaya ba ne, ɓangarori ne manya-manya kamar ƙwaryar da ta tsattsage, kowane ɓangare yana motsi a hankali. Wanda ke ɗauke da Afirka yana matsa wanda ke ɗauke da Turai, kamar inci ɗaya cikin shekara biyar ko shida. Duwatsun da ke tsakani su kan jimre matsin nan shekaru aru-aru, ran da suka gaza sai su ɓalle gaba ɗaya. A 1755 sun ɓalle ne a ƙarƙashin teku, kamar mil 120 daga kusurwar Fotugal ta kudu maso yamma, shi ya sa ruwa ya taso. Amma mutanen wancan lokaci ba wanda ya san wannan.

Sarkin Fotugal a lokacin sunansa Jose na ɗaya. Ya tsira domin da shi da iyalinsa suna Belem a ranar, wata unguwa can bayan gari inda ƙasa ta ke da tauri. Amma tsoro ya shige shi ƙwarai, har ya ƙi yarda ya sake kwana cikin ginin dutse. Aka kafa masa tantuna, daga baya aka yi masa fada ta katako bisa tudun Ajuda, a nan ya zauna har ya mutu cikin 1777. Sarkin da ke cikin wannan hali ba shi ne zai tsai da gari ba. Nauyin ya faɗa bisa ɗaya daga cikin waziransa, Sebastiao Jose de Carvalho e Melo, mutum mai shekara 56, wanda ya taɓa zama jakada a London da Biyana. Daga baya aka ba shi sarautar Pombal, da wannan suna kuwa duniya ta san shi.

Ana ba da labari cewa da Sarki ya tambaya me za a yi, sai aka amsa masa, a binne matattu, a ciyad da rayayyu. Ko wane ne ya faɗa, Pombal ne ya aikata. Ya nemi yardar babban limamin garin aka loda gawawwaki cikin kwale-kwale aka kai su teku, domin gudun annoba. Ya kira sojoji suka tare hanyoyi, duk mai ƙarfi a jika da ya nemi gudu aka komo da shi aikin kwashe ɓaraguzai. Ya hana a ƙara kuɗin abinci bisa yadda ya ke kafin girgizar. Ya sa aka kafa gumagumai na rataya a wuraren da kowa zai gani, aka rataye ɓarayi fiye da 30. Attajirai kuma suka yarda a ɗora kashi 4 cikin 100 bisa kuɗin fiton kayan da ke shigowa, domin aikin gini.

Akwai wata gardama da ta tashi wadda ta shafi aikin nan ƙwarai. Wani limami Bataliye mai suna Gabriel Malagrida, na ƙungiyar Jesuwit, ya buga ɗan littafi cikin 1756 yana cewa girgizar nan azaba ce saboda zunuban mutanen Lisbon, duk mai cewa tana da wani sababi na halitta kuwa ɓatacce ne, abin da ya kamaci mutane shi ne tuba. Pombal ya ga in maganar nan ta kama zukata ba mai ɗaukar cebur. Ya kore shi daga garin, cikin 1759 ya kori ƙungiyarsu duka daga ƙasar, cikin 1761 kuma aka shaƙe tsohon nan a bainar jama'a aka ƙone gawarsa, yana da shekara 72. Wannan zalunci ne, ba kuwa shi kaɗai ne Pombal ya yi ba. Mutumin da ya gina Lisbon mai basira ne, amma ba shi da tausayi ga wanda ya saɓa masa, tarihinsa kuma ba ya cika sai an faɗi duka biyu.

Babban injiniyan ƙasar a lokacin wani tsohon soja ne, Manuel da Maia, yana da shekara 78. Yana cikin waɗanda suka tsara doguwar gadar nan mai kawo wa Lisbon ruwan sha, wadda bakanta mafi tsawo ya haura ƙafa 200, girgizar kuwa ba ta kā da ita ba. Shi ne kuma ma'ajin takardun mulki. Da hasumiyar da a ke ajiye su ta rushe, tsohon nan ya tsaya da kansa aka tono su daga cikin ɓaraguzai, aka kafa musu rumfar katako, har aka sami wurin da za a mai da su. Duk wanda ya taɓa riƙon littafin ofis ya san girman wannan aiki, gama da takardun nan sun salwanta da rabin tarihin Fotugal ya bi su.

Ran 4 ga Disamba 1755, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan masifar, Maia ya miƙa wa Sarki shawararsa a rubuce. Ya kawo hanyoyi biyar. A mai da gari yadda ya ke a da, shi ne mafi sauƙi da sauri. Ko a faɗaɗa tituna a bar gidaje da tsawonsu. Ko a faɗaɗa tituna a kuma rage tsawon gidaje. Ko a rushe abin da ya rage na Baisha ƙurmus, a baje, a zana sabon gari bisa filin. Ko kuwa a bar kangon nan gaba ɗaya a koma wajen Belem a kafa sabon birni. Shi kansa zuciyarsa ta fi karkata ga ta biyar, amma aka zaɓi ta huɗu, domin tashar jirage da kasuwanci a Baisha su ke.

To, sai dai rushe gari ya fi rarraba shi sauƙi. Kowane kango yana da mai shi, wani na gado ne, wani na majami'a, wani jingina ne. Da an ƙyale mutane, da kowa ya koma ya tā da bangonsa bisa tsohon harsashi, lungunan da su dawo yadda su ke. Saboda haka a ƙarshen Disamba aka yi doka cewa kada kowa ya yi gini sai an gama zane, wanda ya yi kuwa a rushe. Aka aiki ma'auna suka auna kowane fili suka rubuta. Injiniyoyi suka zana taswira shida, aka zaɓi ta wani hafsan soja mai suna Eugenio dos Santos. Cikin Mayu 1758 dokar gini ta fito. Kowane mai fili za a ba shi gwargwadon abin da ya ke da shi a da, amma a inda sabon zane ya nuna, wanda ya sami ƙari ya biya, wanda aka rage wa a biya shi. An ba kowa shekara biyar ya gina bisa fasalin hukuma, in ya kasa a sayar wa wanda zai iya. Shekara biyu da rabi ke nan mutane suna zaune cikin bukkoki na katako suna jira, ba kuwa da son ransu ba.

Sabon zanen tituna ne miƙaƙƙu daga bakin kogi zuwa dandalin Rossio, waɗansu kuma suna gitta su, kamar gidajen dara. Manyan an yi musu faɗin ƙafa 43, da gefen masu tafiya a ƙasa dama da hagu, ƙananan kuwa kamar ƙafa 29. Aka zuba ɓaraguzan tsohon gari aka ɗaga ƙasar kwarin, aka haƙa magudanan ƙazanta a ƙarƙashin tituna. Aka kuma raba titunan ga masu sana'a, wannan na maƙeran zinariya, wancan na maƙeran azurfa, ga na dukawa, ga na masu ɗinkin takalma, sunayen nan kuwa suna nan har yau. Faɗin titi ba don ado ba ne. In bango ya faɗi, mai gudu zai sami tsakiyar hanya, wuta kuma ba ta tsallakewa da sauƙi.

Amma abin da ya fi sa a ke tunawa da aikin nan shi ne yadda aka gina gidajen kansu, kuma ba za a gane hikimarsa ba sai an san dalilin da ya sa bango ya kan faɗi. Bangon dutse ko na tubali gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danna shi daga bisa, ko an ɗora masa hawa nawa. Girgizar ƙasa kuwa daga gefe ta ke zuwa. Misalinta kamar mutum ne yana tsaye bisa tabarma da tulu a ka, wani ya fizgi tabarmar gaba, ya mai da ita baya, ya sake fizga. Ƙafafunsa su bi tabarma, tulu kuwa ya nemi tsayawa inda ya ke. Haka harsashi ya kan bi ƙasa, rufi mai nauyi ya ƙi bi, bangon da ke tsakani ya shiga uku. Dutse da farar ƙasa ba su jimre ja, ba su tanƙwaruwa, sai dai su tsage. Tsagar ta kan fara daga kusurwa inda bango biyu suka haɗu, da bakin ƙofofi da tagogi. Da bango ya rabu da ɗan'uwansa, sai ya kifa waje, azarorin da ke kansa su zame, bene ya faɗa bisa bene.

Itace halinsa dabam ne. A jefad da tukunya da kwando daga bisa soro, tukunya ta tarwatse, kwando kuwa ya lotsa ya komo yadda ya ke. Injiniyoyin Lisbon sun lura cewa waɗansu tsofaffin gidaje masu katako cikin bango sun fi sauran jimrewa. An ce kuma sun yi koyi da masassaƙan jiragen ruwa, gama jirgi kullum igiyar teku tana murɗa shi amma ba ya wargajewa. Sai dai gidan katako zalla abincin wuta ne, wuta kuwa ta yi musu ɓarnar da ta kusa fin ta girgizar. Dabararsu ita ce su haɗa biyun, kowane ya rufe aibin ɗan'uwansa.

Ga yadda su ke yi. Da fari sai su kafa turaku na ɗanyen itacen fir, irin mai ƙaro, kowane tsawonsa kamar ƙafa 5, kaurinsa inci 6, su buga su cikin laka kusa da kusa har ƙasar ta matse ta yi tauri. Su shimfiɗa gungume bisa kawunansu, wani a tsaye wani a gicciye, sa'an nan su ɗora harsashin dutse. Mai karatu zai yi tsammanin itacen zai ruɓe, amma itacen da ke nutse cikin ruwa kullum, iska ba ta taɓa shi, ya kan daɗe ƙwarai bai lalace ba. Hawa na ƙasa, inda kantuna da rumbuna su ke, a kan yi shi da dutse zalla, da ginshiƙai da bakuna masu kauri, rufinsa ma na dutse ko bulo, don in wuta ta tashi a kanti kada ta hau wurin masu barci.

Daga nan zuwa sama sai masassaƙa su karɓi aiki. Su kan tā da gidan duka da katako tukuna, kafin magina su sa hannu: ginshiƙai a tsaye, waɗansu a kwance, a cikin kowane murabba'i kuma a gitta katako biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Gicciyen nan shi ne asirin abin. A ɗaure sanduna huɗu a yi murabba'i, da an tura shi sai ya karkace. A ƙara sanda ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya ƙi motsi, kamar yadda kafinta ya kan yi wa ƙyauren ƙofa. Katakan bene da na rufi duka a haɗe su ke da wannan ƙashi, da ƙusoshi da maɗauran ƙarfe, har gidan ya zama abu guda. Wanda ya ga gida a wannan hali zai ce kejin tsuntsu ne, shi ya sa suka sa masa suna gayola, watau keji da bakinsu. Bayan haka magina su cike tsakanin katakan da ƙananan duwatsu da farar ƙasa, su yi yaɓe, su tā da bangon waje mai kauri su ɗaure shi da kejin. In an gama ba mai ganin itace ko ɗaya.

In ƙasa ta yi rawa, kejin ya kan yi lilo tare da ita, mahaɗansa su ɗan motsa, cikon duwatsun ya goga da katako ya shanye ƙarfin girgizar. Yaɓe zai zube, bango zai tsage, har na waje yana iya faɗuwa, amma bene da rufi su tsaya bisa kejin. Nufinsu ke nan: gida ya lalace in ya so, muddin mutanen ciki za su fito da ƙafafunsu. A kan wannan ƙa'ida injiniyoyi su ke tafiya har yanzu, ko da ya ke da ƙarfe da siminti su ke aiki. An ce kafin a soma, wani injiniya mutumin Hangare mai suna Carlos Mardel ya sa aka kafa keji na gwaji bisa dandamali a filin fada, aka kawo sojoji suka yi ta taka ƙasa da ƙarfi don a ga yadda zai yi. Tsakanin gida da gida kuma aka tā da bango mai kauri wanda ya zarce rufi, domin tare wuta.

Da ya ke gidajen duka fasalinsu ɗaya ne, sai aka yanke ma'auni ɗaya ga ƙofofi da tagogi da matakala da duwatsun dokin ƙofa. Masu sana'a suka riƙa yinsu da yawa a wuraren aikinsu, a kawo a harhaɗa kawai. Da irin wannan hanya aka gina wani sabon gari a kudu, Vila Real de Santo Antonio, aka soma cikin 1774 aka gama cikin kamar shekara biyu. Manyan gari da yawa ba su ji daɗin fasalin nan ba, gama an hana kowa ƙawata fuskar gidansa, ba a bambanta na basarake da na ɗan kasuwa.

A wuri ɗaya kuɗi suka rinjayi ilmi. Maia ya so kada gida ya wuce hawa biyu, kada kuma tsawonsa ya fi faɗin titi. Masu filaye suka ga hayar hawa biyu ba za ta mai da kuɗin gini ba. Aka ƙare a hawa huɗu, da ɗakuna cikin rufi.

Pombal ya yi wani abu kuma wanda ba a saba yi ba. A farkon 1756 ya aika wa limaman gundumomin ƙasar takarda mai tambayoyi 13, ya ce kowa ya amsa a rubuce. Ƙarfe nawa girgizar ta soma, minti nawa ta yi? Ta wace fuska gine-gine suka fi faɗuwa? Mutum nawa suka mutu? Teku ta fara janyewa ne ko tasowa, kamu nawa ta tashi? Ƙasa ta tsage? Me ya sami rijiyoyi da maɓuɓɓuga? Sau nawa ta sake motsi bayan ranar? Amsoshi da yawa suna nan a ma'ajin takardun Lisbon, da su ne kuma masana suka zana taswirar inda girgizar ta fi ƙarfi, bayan shekara ɗari da hamsin da rubuta su.

Waɗanda suka tsara garin ba wanda ya ga kammalarsa. Santos ya mutu cikin 1760, Mardel 1763, Maia 1768. Cikin 1775 aka buɗe mutum-mutumin Sarki bisa doki a tsakiyar tsohon filin fada, wanda aka sake wa suna Dandalin Kasuwanci, alhali gefen filin ma ba a gama gina shi ba. Da Sarki ya mutu, 'yarsa Maria ta hau gado ta tuɓe Pombal, ya koma ƙauye ya mutu cikin 1782 ba mai ko gaishe shi. Aikin ya ci gaba da jan ƙafa har cikin ƙarni na 19, babbar ƙofar dandalin kuwa sai bayan 1870 aka gama ta. Majami'ar Karmo da ke bisa tudu an soma gyaranta aka bari, tana nan ba rufi har yau, bakunanta tsirara. A waje kuma, da girgiza ta rushe lardin Kalabiriya na kudancin Italiya cikin 1783, hukumar can ta umurta a sake gini da katako cikin bango, kusan irin na Lisbon.

Sannu a hankali tsoro ya gushe. Daga wajen 1870 'yan kwangila suka riƙa rage katako, su bar gicciyen, su sirantad da bango, su ƙara hawa. A cikin Baisha kanta masu kantuna suka cire ginshiƙan hawan ƙasa don su sami wurin baje kaya a bayan gilashi, waɗansu suka yanke kejin don shigad da famfo da waya, waɗansu suka ɗora hawa biyu ko uku na siminti bisa ƙashin da aka yi don huɗu. Sai cikin 1958 Fotugal ta yi dokar gini ta zamani saboda girgizar ƙasa. Ran 28 ga Fabrairu 1969 wata girgiza mai ƙarfi ta taso daga wajen da ta 1755 ta fito, mutanen Lisbon suka fita tituna cikin dare, amma ɓarnar kaɗan ce, gama ba ta kai ta farkon ba ko kusa. Saboda haka gidajen keji ba su gamu da irin jarrabawar da aka gina su dominta ba tukuna.

Shaidar da a ke da ita daga wurare biyu ta fito. Injiniyoyin Fotugal sun ciro bangayen keji daga tsofaffin gidaje, suka sa su cikin na'ura tana tura su gaba da baya, suka ga sun karkata ƙwarai kafin su karye. A Turkiyya kuma, girgizar Izmit ta ran 17 ga Agusta 1999 ta kashe mutum fiye da 17,000, mafi yawansu cikin benayen siminti waɗanda aka yi wa ha'inci wajen gini, alhali tsofaffin gidajen katako da bulo na talakawa, masu kama da keji, da yawa suka tsaya a gefensu. An ga irin haka a Kashmir cikin 2005.

Abin da ke damun masu kula da Baisha yanzu har da turakun nan na ƙarƙashin ƙasa. Ramukan jirgin ƙasa da ɗakunan ajiye motoci da aka haƙa suna iya sauya yadda ruwa ke kwance a ƙasan kwarin, in kuwa ruwa ya janye iska ta sami itacen, sai ya soma ruɓewa. Tsakanin 1991 da 1995 wani banki da ke Titin Dukawa ya yi haƙa a ƙarƙashin gininsa, aka tarad da kwamin gishirta kifi na zamanin Rumawa, da kufan gidaje na zamanin da Musulmi suka mulki garin, da turakun Pombal a tsaye cikin laka. An bar wurin a buɗe, mai so ya kan sauka ya gan su.